KARƁAR BAƘI A MATSAYIN FANNIN ILMI: KARATUN SARRAFA OTAL DA GIDAN ABINCI A JAMI'A

Gabatarwa

Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, suna kuma cewa baƙonka annabinka. Waɗannan karin magana guda biyu sun isa su nuna irin matsayin da baƙo yake da shi a rayuwar Bahaushe. Addinin Musulunci kuma ya ƙara wa wannan al'ada ƙarfi, domin ya haɗa girmama baƙo da imani, ya kuma ba shi haƙƙin liyafa ta kwana uku. Amma duk da haka, idan yaro ya gama makarantar sakandare ya ce wa mahaifinsa yana son ya karanta aikin otal a jami'a, da wuya a yi masa fatan alheri nan take. Wasu iyaye za su ga ya raina kansa, wasu kuma su ga ya kama hanyar lalacewa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana wa mai karatu abin da wannan fanni ya ƙunsa, da inda ya samo asali, da abin da ake koya wa ɗalibi a cikinsa, da kuma abin da yake jiransa bayan ya gama. Za a kuma duba dangantakar fannin da wata tsohuwar sana'ar Hausawa, domin a ga ko abin baƙo ne gare mu kamar yadda ake zato.

Fatoma da zango

Tun kafin zuwan Turawa, fataken ƙasar Hausa suna tafiya Gwanja saro goro, suna ratsa garuruwa har kasuwar Salaga wadda a yau take cikin ƙasar Gana. Tafiya ce ta watanni, ayari yana ƙarƙashin madugu, kuma duk inda dare ya yi musu sai su yada zango. Daga irin waɗannan masaukai ne unguwannin da ake kira zango a biranen Gana suka samo sunansu.

A manyan garuruwan ciniki akwai mutumin da ake kira fatoma, ko kuma maigida. Shi ne yake saukar da baƙon ɗan kasuwa a gidansa, ya ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta idan bai ji harshen garin ba, ya kuma tsaya masa idan za a ba da kaya bashi. Ribarsa tana fitowa ne daga la'adar ciniki, jarinsa kuwa shi ne amana, domin ranar da aka ji kayan baƙo sun salwanta a gidansa, daga ranar ayari ya daina sauka wurinsa. Masana biyu sun yi nazarin wannan tsari da kyau: Polly Hill ta rubuta a kan masu gidajen baƙi da dillalai na Kumasi a 1966, shi kuma Abner Cohen ya wallafa littafi a 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, inda ya nuna yadda cinikin shanu da goro ya dogara a kan masu gida.

Idan aka lura, ayyukan fatoma su ne ginshiƙan aikin otal na yau, watau makwanci da abinci da tsaron dukiya da yi wa baƙo jagora. To, daga ina ƙyamar ta fito? Ana iya danganta ta da zamanin mulkin mallaka. Masaukan da Turawa suka gina wa jami'ansu, waɗanda Hausawa suka kira bariki, suna bayan gari ne, a can ake shan giya, kuma ɗan ƙasa ba ya shiga sai a matsayin kuku ko boyi. Daga nan kalmar bariki ta ɗauki ma'anar rayuwar da ta fita daga tarbiyyar gida, otal kuma ya gaji wannan suna.

Yadda sana'a ta zama fannin karatu

Otal irin na zamani ya bunƙasa ne a Turai da Amurka a ƙarni na 19, sa'ad da jirgin ƙasa da jirgin ruwa suka sa tafiye-tafiye suka yawaita. Mutum biyu sun yi fice a wannan zamani. Na farko shi ne César Ritz, ɗan ƙasar Siwizalan, wanda ya fara daga kai abinci tebur har ya buɗe otal mai sunansa a birnin Faris a 1898. Na biyu shi ne Auguste Escoffier, Bafaranshe, wanda ya yi aiki tare da Ritz a otal ɗin Savoy na Landan daga 1890. Escoffier ne ya tsara ma'aikatan kicin tamkar rundunar soja: akwai babban kuku da mataimakinsa, sa'an nan kowane sashe da mai shi, wannan na miya, wannan na kifi, wannan na gashi, wannan na kayan zaƙi. Da wannan tsari ne ake iya ciyar da ɗaruruwan mutane a lokaci guda ba tare da an rikice ba, kuma har yau manyan kicin-kicin suna bin sa.

Da otal-otal suka girma, sai aka ga koyo a bakin aiki kaɗai ba ya wadatarwa. A 1893 masu otal na Siwizalan, bisa jagorancin Jacques Tschumi, suka buɗe makarantar otal a birnin Lozan, wadda ake ɗauka ita ce ta farko a duniya. A 1922 kuma Jami'ar Cornell ta Amurka ta fara ba da digiri a wannan fanni, da malami guda, Howard Meek. Wani attajiri mai otal-otal, Ellsworth Statler, ya tallafa wa shirin, kuma har yau akwai otal mai sunansa a cikin jami'ar inda ɗalibai suke koyon aiki da baƙi na gaske. A 1926 ƙungiyar masu otal ta birnin New York ta fitar da tsarin lissafin kuɗi na bai-ɗaya, wanda ya ba da damar a gwada ribar wannan otal da ta wancan. A Afirka kuwa, ƙasar Kenya ta buɗe Kwalejin Utalii a Nairobi a 1975 da taimakon Siwizalan.

Waɗannan makarantu biyu na farko sun bar hanyoyi biyu. Hanyar Lozan ta fi ba da ƙarfi ga aikin hannu da ladabin hidima, hanyar Cornell kuma ta fi ba da ƙarfi ga lissafi da gudanarwa. Kwas mai kyau a yau yakan haɗa biyun.

Matsayin fannin a Nijeriya

A Nijeriya, manyan otal-otal sun zo ne tare da mulkin kai. An buɗe Federal Palace a Ikko a 1960, Kaduna ta sami Hamdala, sa'an nan aka gina Durbar domin hawan daba na bikin FESTAC a 1977. A Kano, gwamnatin Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ta gina otal a bakin tafkin Bagauda. A Abuja an buɗe otal ɗin Hilton a 1987.

Ta fuskar karatu, kwalejojin kimiyya da fasaha ne suka fara riƙe fannin, cikinsu har da ta Kaduna. A nan ɗalibi yakan yi shekara biyu ya sami ƙaramar difloma, ya fita aiki shekara guda, ya dawo ya yi wasu shekaru biyu ya sami babbar difloma. Hukumar kula da ilmin fasaha ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977 kuma take da hedkwata a Kaduna, ita ce take tantance waɗannan kwasa-kwasai. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin tarayya, tare da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa cibiyar horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido, watau NIHOTOUR, wadda take da reshe a Bagauda. Daga baya jami'o'i suka shigo, kamar Jami'ar Jihar Imo, da jami'o'in aikin gona na Umudike da Abekuta, inda ake ba da digiri a ƙarƙashin kulawar hukumar jami'o'i ta ƙasa. Kowane ɗalibi kuma yakan fita koyon aiki na wasu watanni a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda asusun horar da ma'aikatan masana'antu ya ɓullo da shi a 1973.

Abin da ake koyarwa

Mutane da yawa sun ɗauka karatun otal koyon girki ne kawai. Girki yana ciki, amma kashi ɗaya ne daga cikin kashi biyar da za a iya raba fannin.

Kashi na farko shi ne ɗakuna. Ya ƙunshi teburin karɓar baƙi, inda ake kama ɗaki da rajista da biyan kuɗi, da kuma sashen gyaran ɗakuna da wanki da guga. A nan ɗalibi yake koyon wani babban sirrin sana'ar, watau ɗakin otal haja ce da ba ta kwana. Mai sayar da atamfa idan bai sayar yau ba zai sayar gobe, amma ɗakin da ya kwana babu kowa a daren jiya, kuɗin wannan dare ya tafi ke nan har abada.

Kashi na biyu shi ne abinci da abin sha: tsara jerin abinci, da sayen kaya, da ajiya a sito, da dafawa, da kai wa baƙo. Ana koya wa ɗalibi ya fitar da kayan da suka riga shiga sito kafin sababbi, ya kuma auna abin da kowane faranti ya ci. Alal misali, idan ana sayar da farantin shinkafa da nama Naira 3,000, kayan da suka shiga cikinsa kuma na Naira 1,000 ne, to kaya sun cinye sulusin kuɗin, sauran kuma daga ciki za a biya albashi da haya da wuta da gas. Idan aka bar kuku yana zuba nama da ka, ko tumatir yana ruɓewa a sito, har kayan suka kai Naira 1,500, to rabin kuɗin ya tafi, gidan abinci yana cike da jama'a amma mai shi yana cin uwar kuɗi bai sani ba.

Kashi na uku shi ne tsafta da lafiyar abinci, wanda ya dogara a kan ilmin ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da zafinsa yake tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, don haka ko dai a ajiye abinci da sanyi ƙasa da 5, ko da zafi sama da 60. A ƙasa irin tamu mai zafi, inda wutar lantarki take ɗaukewa firji ya tsaya, wannan darasi batun rai da mutuwa ne. Ana kuma koyar da tsarin HACCP, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1960 domin abincin 'yan sama-jannati. Manufarsa ita ce a gano matakan da haɗari yake iya shiga abinci, daga kasuwa har faranti, a sa musu ido tun kafin ɓarna ta auku.

Kashi na huɗu shi ne lissafin kuɗi da talla. Manajan otal yana duba alƙaluma uku kowace safiya: kashi nawa na ɗakuna aka kwana ciki, nawa ne matsakaicin kuɗin ɗakin da aka sayar, kuma nawa kowane ɗaki ya kawo idan aka raba kuɗin a kan dukkan ɗakuna. Mu ɗauki otal mai ɗaki 100 a matsayin misali. Idan aka sayar da ɗaki 60 a kan Naira 50,000 kowanne, an sami Naira 3,000,000. Idan aka rage kuɗin zuwa Naira 40,000 har aka sayar da ɗaki 80, an sami Naira 3,200,000. Wanda bai yi karatu ba zai ce dare na biyu ya fi. Amma a ce kowane ɗakin da aka kwana ciki yana cin Naira 12,000 na wanki da sabulu da man janareta da karin kumallo. A dare na farko za a cire Naira 720,000, a bar 2,280,000. A dare na biyu za a cire Naira 960,000, a bar 2,240,000. Ashe an ƙara wa ma'aikata wahala, an kuma yi hasarar Naira 40,000. Wannan dabara ta sauya farashi bisa yawan masu nema kamfanonin jiragen sama na Amurka ne suka bunƙasa ta bayan 1978, otal-otal suka ara daga gare su. A yau kwamfuta ce take yin yawancin lissafin, kuma baƙi da yawa ta intanet suke kama ɗaki, amma dole manaja ya fahimci abin da na'urar take gaya masa.

Kashi na biyar shi ne sarrafa ma'aikata da sanin doka. Otal ba ya rufewa dare da rana, saboda haka tsara wanda zai yi aikin safe da na yamma da na dare ilmi ne mai zaman kansa. Ta fuskar doka kuma, akwai haƙƙin baƙo a kan dukiyarsa da sirrinsa, da dokokin ƙwadago da haraji da kashe gobara. A 2013 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci, a shari'ar gwamnatin tarayya da Jihar Legas, cewa jihohi ne suke da ikon yi wa otal-otal rajista da tsara musu ƙa'ida. Ke nan dole manaja ya san dokar jihar da yake aiki a cikinta.

Ribar karatun da wahalarsa

Wanda ya gama wannan karatu ba otal kaɗai ne wurin aikinsa ba. Asibitoci da makarantun kwana da kamfanonin jiragen sama da sansanonin ma'aikatan man fetur duk suna ciyar da mutane da yawa a kullum. Akwai ɗakunan taro da na biki, da kamfanonin shirya tafiye-tafiye. Akwai kuma aikin Hajji da Umara, inda dubban alhazan Nijeriya suke bukatar masauki da abinci a Makka da Madina kowace shekara, a ƙarƙashin hukumar alhazai ta ƙasa da aka kafa a 2006. Wanda yake jin Hausa da Larabci da Turanci, ya kuma san wannan ilmi, yana da abin da mutane kaɗan suke da shi.

Amma ya kamata a faɗa wa mai sha'awa gaskiya. Digiri ba ya sa a ba mutum kujerar manaja ranar da ya fito. Galibi daga ƙasa ake farawa, daga teburin karɓar baƙi ko ɗakin cin abinci, da albashi kaɗan da tsayuwa mai tsawo. Ranar Salla da mutane suke hutu, ranar ce aiki ya fi yawa. Baƙo zai yi faɗa a kan laifin da ba naka ba, kuma dole ka ba shi haƙuri. Sau da yawa ma ɗan kwalejin fasaha yakan fi ɗan jami'a iya aikin hannu a shekarun farko, don haka ɗan jami'ar da ya yi wasa da watannin koyon aiki ya cuci kansa. Amfanin digiri yakan fito ne daga baya, lokacin da ake neman wanda zai karanta lissafi ya tsara kasafin shekara.

Har ila yau, sana'a ce da abin da ya faru a waje yake girgiza ta nan da nan. A 2019 masu yawon buɗe ido tsakanin ƙasashe sun kusa biliyan ɗaya da rabi, amma a 2020 annobar korona ta rage su da fiye da kashi 70 cikin ɗari, otal-otal suka rufe, ma'aikata suka zauna gida. A ƙasarmu kuwa rashin tsaro a hanyoyi da tsadar man janareta suna yin irin wannan ɓarna a hankali.

Abin da ya shafe mu

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba su rasa abin da zai jawo baƙi ba. Hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, ta sanya hawan Sallar Kano a 2024, tsohon birnin Agadas na Nijar kuma ya shiga jerin wuraren tarihi a 2013. Ga gandun dajin Yankari, ga kasuwannin Kano da suke tara 'yan kasuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru. Duk waɗannan mutane sai sun kwana sun ci abinci.

Sai dai tarihin wasu manyan otal-otal ɗinmu abin tunani ne. Otal ɗin Durbar ya yi shekaru a rufe ana shari'a a kan mallakarsa, har aka rushe shi a 2020. Na Bagauda kuwa ya daina aikin otal, ya zama reshen makarantar horar da lauyoyi. Kowanne da dalilansa, amma darasi guda ya fito fili, watau gina bene abu ne mai sauƙi a kan riƙe shi shekara da shekaru. Riƙon kuwa sai da mutanen da suka san aikin.

Game da damuwar iyaye a kan giya da alfasha, damuwa ce mai tushe, bai kamata a yi watsi da ita ba. Amma halin otal yana bin halin mai shi da mai gudanar da shi ne. A Saudiyya da Malesiya da Turkiyya akwai otal-otal da ba sa sayar da giya, suna ba da abinci na halal, suna tanadar wurin salla. Idan masu tarbiyya suka guje wa sana'ar, sun bar ta ke nan a hannun wanda ya ga dama, kuma a nan ne 'ya'yansu da baƙinsu za su sauka idan tafiya ta kama.

Akwai kuma aiki a nan ga ɗaliban Hausa. Fannin yana bukatar kalmomi da littattafan koyarwa cikin Hausa, domin yawancin masu dafa abincin sayarwa da masu aikin ɗakuna a garuruwanmu da Hausa za su fi gane darasin tsafta. Haka kuma abincinmu, irin su tuwon shinkafa da miyar taushe da dambun nama da kilishi da fura, yana bukatar a rubuta ma'auninsa dalla-dalla, yadda za a dafa shi iri ɗaya yau da gobe, ya shiga jerin abincin manyan otal-otal.

Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa karatun sarrafa otal da gidan abinci ya haɗa girki da kimiyyar lafiya da lissafi da doka da sanin halin ɗan Adam, kuma jami'o'i sun shafe fiye da shekara ɗari suna koyar da shi. An kuma ga cewa tushensa, watau saukar da baƙo da riƙe amanarsa, sana'a ce da kakanninmu suka yi suna a kanta daga Kano har Salaga. Shawara ga ɗalibin da yake son shiga ita ce ya tabbatar hukuma ta tantance kwas ɗin, ya bincika ko makarantar tana da kicin da masaukin koyon aiki, ya kuma gwada aikin na ɗan lokaci kafin ya yanke shawara. Shawara ga iyaye kuwa ita ce su tambayi abin da ake koyarwa kafin su hana. Allah ya sa mu dace, amin.